Injin da Ba Ya Ɗaukuwa

Ranar da aka kafa na'urar auna iska a bangon ƙofar gidan Ciyaman, sai da ya sa aka share layin tun daga kwana har bakin kwata. Na'urar ba ta fi kwanon sha girma ba, fara, da fitila guda a goshinta. Wata budurwa mai tabarau daga ƙungiyar da ta kawo ta ta yi wa mutane bayani: idan fitilar ta yi kore, iska lafiya lau, idan ta yi rawaya, a yi hattara, idan kuwa ta yi ja, guba ake shaƙa. Gidansa aka zaɓa domin shi ne shugaban kwamitin layi, kuma ya riƙe muƙamin da hannu bibbiyu har sunan Ciyaman ya danne nasa na asali.

Ba a gama tafi ba fitilar ta yi ja.

Gwaggo tana bayan ƙyaure tana leƙe, da tef ɗin awo a wuyanta. Ita ce yayar Ciyaman, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a ɗakin baya tana ɗinki. Ta ga yadda kowa ya juya a hankali ya dubi abin da ke ƙarƙashin na'urar: ƙaton janareta mai shan gas, ɗaure da sarƙa, yana ta aman baƙin hayaƙi. Shi ke riƙe da firiza uku na matar gidan, wadda ke sayar da ƙanƙara, don wutar layin sai ta ga dama take leƙowa.

"Ranka ya daɗe, wannan injin na waye?" in ji budurwar.

"Yau ɗin nan ake shirin ɗauke shi," in ji Ciyaman, ko ƙifta ido bai yi ba. "Kun dai riga mu ne."

Kafin la'asar ƙarti huɗu suka cicciɓe shi suka shiga da shi cikin gida. Gwaggo ta nuna musu ƙarshen fili, bayan tankin ruwa, inda babu ɗakin kowa. Matar gidan ta ce can ya yi wa waya nisa. Aka wuce da shi lungun da ke tsakanin katanga da ɗakin Gwaggo, lungun da mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace. Aka zuba masa siminti a ƙafa, aka yi masa kejin ƙarfe saboda ɓarayi. Bakin salansarsa, inda hayaƙi ke fita, ya tsaya daidai ƙasan tagarta, kamar an auna.

Washegari fitila ta yi kore. Ciyaman ya tsaya a gabanta aka ɗauke shi hoto.

Tagar nan ita ce idon Gwaggo. A gabanta keken ɗinkinta yake, da haskenta take zura zare a allura, ta nan kuma 'yar iska ke shigo mata, don ɗakin ba shi da wata kafa sai ƙofa. Ƙarfe takwas na safe ake tayar da inji, ba a kashe shi sai rana ta faɗi. Idan ta bar tagar a buɗe, hayaƙi ya shigo ya zauna mata a maƙogwaro. Idan ta rufe, ɗakin ya yi duhu ya ɗauki zafi, hayaƙin kuma ya bi ta tsagar katako ya shigo abinsa. Dama tana da ɗan ciwon ƙirji da ke tasar mata lokaci-lokaci, shekara da shekaru tana lallaɓa shi. Cikin sati biyu ya daina lallaɓuwa.

Ta sami ƙanenta yana goge takalmi zai fita.

"Ɗan'uwa, injin nan yana shigo mini ɗaki."

"Ƙarar ce, Yaya? Za ki saba. Mu ma da yana ƙofa haka muka yi fama."

"Ba ƙarar ba, hayaƙin. Ko a mayar da shi bayan tanki?"

Ya ɗago ya dube ta irin kallon da ake yi wa wanda ya ce a matsar da dutse.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Siminti fa aka zuba. Kejin nan walda ce. Sai an kira injiniya, an sake jan waya. Ki bari dai a ga yadda za a yi."

Ta koma wajen matar gidan, ta same ta tana ɗaure ledojin ruwa tana jerawa a firiza.

"Ni Yaya me na sani a harkar inji? Ni dai na san idan ya tsaya awa biyu, ƙanƙara ta zama ruwa. Kuma abin da ake ci a gidan nan, har da ke, daga cikin firizan nan yake fitowa. Ki riƙa shan ruwan ɗumi."

Gwaggo ta sha ruwan ɗumi. Ta jiƙa tsohon zane ta rataya a tagar. Kafin azahar ya bushe ya yi baƙi ƙirin. Da safe idan ta share hanci, abin da ke fitowa kamar gindin tukunya. Ta fara kwana a zaune, da filo biyu a bayanta, don in ta miƙe sai ta ji kamar an ɗora mata buhu a ƙirji.

Ana cikin haka iska ta juya. Hayaƙin lungu ya riƙa tashi ya haura rufi ya sauka ƙofar gida, sai ga fitila ta yi rawaya. Kwana biyu tana rawaya. Mai shagon da ke kallon gidan ya nuna na'urar da safe, ya ɗaga murya ya ce, "Ciyaman, yarinyar taka fa ba ta da lafiya, ko zazzaɓi ne?" Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Ciyaman bai iya karyawa ba a ranar. Mutumin da aka yi wata guda ana gaya masa yayarsa na tari bai sami sukunin leƙa ɗakinta ba, sai ga shi kafin ƙarfe goma ya dawo da mai walda a bayan babur, da fallen kwano uku.

Gwaggo tana ciki tana jin su ta taga.

"Nan za ka rufe mini," in ji Ciyaman. "Tun daga katanga har bangon ɗaki. Kada hayaƙin ya sami hanyar hawa sama."

Mai walda ya ƙwanƙwasa ƙarfen tagar da ɗan yatsa.

"Maigida, in na rufe sama, ina zai bi? Ai gara in ƙara wa salansar dogon bututu, ya wuce rufi, ya tafi sama abinsa."

"A riƙa hango shi daga titi? A gidana? Ka yi abin da na ce."

"To wannan tagar fa? Akwai mai kwana a ɗakin?"

"Sito ne."

Ƙafar Gwaggo ta tsaya a kan fedar keke. Tari ya taso mata, ta danne bakinta da gefen mayafi ta haɗiye shi har idanunta suka kawo ruwa. Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ta danne ba. Wataƙila don kada ta ƙaryata ƙanenta a gaban baƙo. Shekara hamsin ke nan tana rufa masa asiri, hannu ya saba.

Aka rufe lungu. Fitila ta koma kore, ba ta sake motsi ba. Hasken tagar ya mutu, hayaƙin kuma ya rasa ko'ina sai wajen Gwaggo.

Daga nan kwanakinta suka fara gajarta. Da tana ɗinka riga uku a wuni, ta koma ɗaya, ta koma rabi. Wata malamar makaranta da ta kawo farin yadi ta dawo da rigar a leda, ta ce ta wanke sau biyu warin gas bai fita ba, ga ɗigo-ɗigon baƙi a wuya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Gwaggo, ɗakin nan naki kuwa?" ta toshe hanci ta fita da sauri. Mai kemis na bakin titi ya ba Gwaggo maganin shaƙa ya ce wata guda zai yi mata. Ya ƙare a kwana tara. Da ta koma, ya dube ta ta saman tabarau ya ce ba magani ne matsalarta ba, ta bar wurin da take zama. Ta yi murmushi ta ce to. Tafiyar da ba ta fi ta minti biyar ba sai da ta tsaya sau uku tana dafa bango.

Ta gwada fitowa tsakar gida da tabarma. Matar gidan ta zo ta tsaya a kanta.

"Yaya, don Allah ba wai korarki nake ba. Masu sarin ƙanƙara nan suke shigowa. Su ga mutum yana tari kusa da abin da za a sa a ruwan sha, kin san bakin mutane. Jiya ma wata ta tambaye ni ko irin tarin nan ne."

Ta gwada falo. Aka ce kujerun sababbi ne, kuma baƙin Ciyaman na zuwa babu sanarwa.

Wata ranar da yamma, da numfashi ya ƙi, ta ja kujerar roba ta fita ƙofar gida ta zauna ƙarƙashin na'urar. Nan ne kaɗai wurin da iska ke da mai tsaro a gidan. An dasa 'yan shuke-shuke a gwangwani, an yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, har da 'yar rumfa aka yi wa na'urar kada rana ta dame ta. Gwaggo ta ja iska, ta ji ta sauka har ƙasan haƙarƙarinta. Ta lumshe ido.

Motar Ciyaman ta tsaya can nesa, don yanzu ba ya kawo ta ƙofa sai ya kashe ta an tura.

"Yaya, me kike yi a nan?"

"Iska nake sha."

"Ai kin tare ta. An ce kada a ajiye komai kusa da ita, yana ɓata awo." Ya sassauta murya, ya waiga. "Kuma mutane su gan ki a waje haka kina haki, sai a ce ba a kula da ke."

"Ɗan'uwa, mutuwa nake yi a ɗakin can."

"Haba Yaya, daina faɗar haka. Shekaru ne. Ni ma nan da kike gani gwiwata ba ta barina barci. Ki bari a gama taron nan, wallahi ina sane."

Taron shi ne na wayar da kan jama'a. Layinsu ya fi kowane layi yawan kwanakin kore a unguwar, ƙungiya za ta zo da masu ɗaukar hoto a ba Ciyaman takardar yabo. Ana bukatar ƙyallen rufe hanci guda sittin da za a raba wa mahalarta, koraye, masu igiya. Ciyaman ya ce me zai sa a kai wa tela a waje alhali ga tela a gida. Gwaggo ta ɗinka su cikin kwana huɗu, da fitilar hannu a ɗaure a goshin keke. Matar gidan ta wanke su da sabulu mai ƙamshi ta shanya a ƙofar gida. Da aka ƙirga sittin cif, babu ragowar ɗaya.

Ran taro aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗaura lasifika biyu. Wuta ba ta zo ba, kamar kullum, don haka injin ya ɗauki firiza uku da lasifika da fankoki huɗu na manyan baƙi. Ya riƙa gurnani yana tuttuɗo hayaƙin da bai taɓa yin irinsa ba. Matar gidan ta leƙo, ta sha ado, ta ce wa Gwaggo ta daure ta zauna a ciki, ana ɗaukar murya, tari yana shiga. Ta ja mata ƙofa.

Daga kan gado Gwaggo tana jin muryar ƙanenta tana ratsa bango.

"Jama'a, iska amana ce. Abin da ka saka a cikinta, ɗan'uwanka ne zai shaƙa. Kada ka ce shara ce kawai na ƙona, kada ka ce taya ɗaya ce. Tsofaffinmu da yaranmu su ne suka fi cutuwa."

Aka yi tafi. Ya iya magana, tun yana ƙarami ya iya. Ta laluba maganin shaƙa ta matsa, babu komai sai iska. Ta sauko ta nufi ƙofa. Taku huɗu ne tsakanin gadon da ƙofar. Ta yi biyu.

Malamar makarantar nan ce ta same ta, ta shigo neman banɗaki ta ji wani abu na bugun ƙyaure daga ƙasa. Ta fita a guje ta raɗa wa matar gidan, matar gidan ta raɗa wa Ciyaman ana tsakar miƙa masa takarda. Ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya aka ɗauki hoton, sannan ya ce a fitar da ita ta ƙofar baya, kada a tayar wa baƙi hankali.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya daɗe yana kallo.

"Mama tana shan taba?"

"Subhanallahi," in ji Ciyaman.

"A ina take aiki? Gidan burodi? Wurin ƙona gawayi?"

"Ɗinki take yi a gida. Likita, dama can tana da ciwon, gadonmu ne. Kuma ba ta jin magana, an ce ta riƙa fitowa tana shan iska, ta ƙi."

Gwaggo tana kwance da robar iska a fuska, tana jin su. Likita ya dube ta, ta kawar da kai. Ya ce duk inda take shaƙar abin nan, idan ta koma, ba za a sake kawo ta da ƙafarta ba. Ciyaman ya gyaɗa kai da nauyi, ya ce shi ma abin da yake ta faɗakar da mutane ke nan, har takarda aka ba shi.

Kwananta goma sha ɗaya a gadon. A na tara suka zo da yamma, shi da matarsa, da kular abinci da lemo a leda. Matar ta zauna a bakin gado fuskarta a sake.

"Yaya, albishirinki. An ɗauke injin."

Gwaggo ta janye robar daga bakinta. Wani abu ya saki a ƙirjinta wanda ba magani ne ya sake shi ba. Ta dubi ƙanenta, ta ji kunyar duk abin da ta raya a kansa cikin kwanakin nan. Ashe dai jini ba ya ƙarya. Ta fara lissafin yadda za ta wanke bango, ta sa wa keke mai.

"Ina aka kai shi?"

"Bayan tanki. An cire kwanon ma, lungun ya yi fayau."

"Allah ya yi muku albarka."

"Amin. Ai dole ce ta sa," in ji matar, tana ɓare lemo. "'Yan tsaki na saro, na gidan gona, guda ɗari biyu. To da ɗakin yake a rufe ba kowa, na ce bari a ɗan sa su kafin ki warke. Mai kawo su yana shiga ya fito, ya ce wallahi ko kwana biyu ba za su yi a nan ba, duk za su mutu, shi ba zai sauke ba sai an kawar da injin. Kin san su ba sa son hayaƙi ko kaɗan, abu ne mai rai."

Ciyaman yana duban silin.

"Sati shida ne kawai su isa sayarwa," ya ce. "Na yi waya da 'yarki, za ta yi wa mijinta magana ki ɗan zauna can. Likita ma ai ya ce ki canza wuri. Kekenki yana nan an lulluɓe shi da leda."

Gwaggo ta san sati shidan kaji. In waɗannan sun tafi wasu za su zo. Ta daɗe tana kallon ɓawon lemon da ke taruwa a cinyar matar.

"Simintin fa?" ta ce. "Da kejin? An sami injiniyan?"

"Wane injiniya?" Matar ta yi dariya. "Mai waldan nan ne da yaransa. Guduma uku ya buga simintin ya tashi. Wayar ma ashe ta kai, a naɗe take a bayan firiza. Shayin da na haɗa musu ko hucewa bai yi ba suka gama."

Wata bakwai Gwaggo ta yi a ɗakin nan da injin. Ta nemi abin da za ta ce, ta duba fuskar ƙanenta ko za ta ga inda maganar za ta shiga, ba ta ga wuri ba. Ya ɗauko waya yana nuna wa majinyacin gadon kusa hoton taro, yana masa bayanin kore da rawaya da ja.

"Ku riƙa buɗe musu tagar da safe," ta ce a hankali. "Tana cijewa, sai an ɗan ɗaga ta sama kafin a tura."

"Ai an cire ta," in ji matar, ta miƙa mata ɓarin lemo. "An sa musu sabuwa, babba, mai raga."